SAWABA: jam'iyyar raƙumi da ta ce "a'a" sau biyu

 

Yau tarihin siyasa za mu taɓa, kuma da lissafi biyu za mu fara. A zaɓen majalisa na watan Maris 1957, jam'iyyar da talakawa ke ce ma Sawaba ta samu kujera 41 cikin 60, ta kafa gwamnatin farko ta ƴan ƙasa a Nijar. A zaɓen majalisa na 1993, jam'iyyar da ta gaji wannan suna, UDFP-Sawaba, kujera 2 ta samu cikin 83. Madugunta kuwa, Djibo Bakary, da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a wannan shekara, ko kashi 2 cikin 100 bai kai ba.

Yaya aka yi babbar jam'iyya ta koma ƙarama haka? Mi ta nema ma talaka? Kuma mi ya rage mana daga cikin abin da ta nema? Ku biyo mu.

Inda abin ya samo tushe

An haifi Djibo Bakary a 1922 a Soudouré, kusa da Yamai. Ƙauyensu ɗaya da Diori Hamani, kuma dangin juna ne. Dukansu biyu sun yi karatu a makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, dukansu sun yi aikin malamin lakwal, dukansu suna cikin PPN, jam'iyyar farko ta Nijar da aka kafa a 1946, wadda ta zama reshen RDA. Djibo har sakatare janar ɗinta ya riƙe.

Ku tuna halin da ake ciki a lokacin. A 1946 ne Faransa ta soke aikin tilas a takarda, amma a ƙauye kumandan yana nan da gumi-guminsa, lanho yana nan, sarkin kanto shi ke tara shi, kuma ba kowane sarki ne ke tsayawa ga abin da aka rubuta ba. Manomin gyaɗa a ƙasar Maraɗi, Tasawa, Magarya da Matamai zai yi noma shekara guda, amma manyan kamfanonin Nasara irin su CFAO da SCOA su ke da sikeli, su ke da kuɗin saye, su ke da kantin da zai je ya kashe ɗan abin da ya samu.

A majalisar Paris, ƴan RDA suna tafiya ne tare da jam'iyyar kwaminis ta Faransa. A 1950 Houphouët-Boigny na Kodibuwa ya ce a raba wannan tafiya, a sasanta da gwamnatin Faransa. Diori da Boubou Hama suka bi shi. Djibo ya ƙi. Nan aka raba gari.

Da ya bar PPN, sai ya koma ga ƴan ƙwadago. Ya shiga aikin sandika, wanda ke da alaƙa da ƙungiyar CGT ta Faransa, ya fara da ma'aikatan gona da na lambu. A 1954 ya kafa jam'iyyarsa, UDN. Su wa suka cika ta? Direbobi da yaran mota, teloli, makaniki, masu aikin gidan waya, malaman asibiti, ƴan dako, ƙananan ƴan kasuwa, masu aiki a gidajen Nasara, matan gari masu zaman kansu, da waɗanda ake ma kallon bayi ko ƴaƴan bayi. Wato mutanen da suka baro ƙauye ba su gama shiga birni ba, kullum suna bisa hanya. Direban da ya taso daga Yamai zuwa Damagaram, kaya yake ɗauke da shi, amma har da labarin jam'iyya. Haka saƙo ya dinga yawo a ƙasar da ba jarida sai ta ƴan boko kaɗan.

Kalmar da jama'a ke ɗagawa a wurin taro ita ce "Sawaba". Mu Hausawa mun san ma'anarta: sauƙi, samun sa'ida bayan wahala. Ba a Nijar kaɗai ake kiranta ba. A Kano, NEPU ta Malam Aminu Kano da aka kafa a 1950 da ita take kirari, daga nan ma Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta samo laƙabinta. Ciwon ɗaya ne a ɓangarori biyu na iyaka: talaka tsakanin Bature da sarauta. Tambarin Sawaba raƙumi ne, na RDA giwa. Kuma ku lura da wani abu: Djibo Bazabarme ne, amma ƙarfin jam'iyyarsa ya fi yawa a ƙasar Hausa, Damagaram da Tasawa da kewayensu. Masu cewa siyasar Nijar tun asali ta ƙabila ce, to ga amsa.

Hawan mulki da ƙarfin aro

A ƙarshen 1956 Djibo ya zama magajin garin Yamai na farko da aka zaɓa. A wannan shekara Faransa ta fito da dokar da ake kira Loi-cadre, wadda ta ba kowane baligi damar jefa ƙuri'a, ta kuma ce kowace ƙasa za ta samu ƴar gwamnatinta ƙarƙashin gwamna.

To nan lissafi ya shigo. UDN tana da gari, tana da tasha da kasuwa, amma ƙuri'a mai yawa tana ƙauye, ƙauye kuma yana hannun sarakuna. Sai Djibo ya haɗa kai da wata jam'iyya mai suna BNA, ta su Issoufou Saïdou Djermakoye da Georges Condat, wadda sarakuna da yawa ke goyon baya. Haɗakar ta ɗauki sunan MSA, ƙungiyar ƴan gurguzu ta Afirka, amma a bakin jama'a Sawaba ce. Da wannan haɗaka aka ci kujeru 41 ɗin nan. A watan Mayu 1957 Djibo ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati, domin gwamna ne shugaba, sai a watan Yuli 1958 shugabancin ya dawo hannunsa.

Kun ga inda matsalar take. Jam'iyyar da ta tashi da kukan talaka bisa zaluncin wasu sarakuna, da ƙuri'ar da sarakuna suka tara ta hau mulki. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Mi Sawaba ke so?

Idan muka tattara manufofinta, za mu ga huɗu.

Na ɗaya, a rage ma sarauta ƙarfin da Nasara ya ba ta. Sawaba ba ta ce a kashe sarauta ba, ta ce sarki ya zama ƙarƙashin doka, ya daina cin talaka da sunan lanho ko gaisuwa. Gwamnatin Djibo ta tuɓe wasu sarakunan kanto. Talakawa da dama sun ji daɗi, amma sauran sarakuna suka sha jinin jikinsu, kowa ya ce gobe ni ne.

Na biyu, haƙƙin ɗan ƙwadago da manomi: albashi daidai da aiki, ƴancin sandika, ɗan ƙasa ya hau kujerun da Nasara ke zaune a bariki, manomi ya samu kuɗin guminsa.

Na uku, haɗin kan Afirka. Sawaba na cikin masu son ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka su zauna cikin tarayya guda, kada a yanyanka su ƙanana kowace ta koma roƙon Paris ita kaɗai. A taron Kwatano na watan Yuli 1958, inda jam'iyyar PRA ta nemi ƴanci nan take, Djibo ne sakatare janar ɗinta.

Na huɗu, ƙasar Nijar guda ce. A watan Janairu 1957 Faransa ta kafa wata hukuma mai suna OCRS don ta haɗa yankunan Sahara na Aljeriya, Mali ta yanzu, Nijar da Cadi ƙarƙashin kulawarta. Sawaba ta ga cewa wannan hanya ce ta ɓalle arewacin ƙasa, ta nuna rashin yarda.

To kun ga "a'a" biyu kenan. Ɗaya ga Nasara, ɗaya ga zaluncin cikin gida.

28 ga Satumba 1958

Da Janar de Gaulle ya dawo mulki a 1958, sai ya kira zaɓen raba-gardama: wanda ya ce "i" ya zauna cikin ƙawancen Faransa, wanda ya ce "a'a" ya ɗauki ƴancinsa nan take, ya kuma yi bankwana da taimako. A Afirka ta Yamma, shugabannin gwamnati biyu ne suka ce a jefa "a'a": Sékou Touré na Gine da Djibo Bakary na Nijar.

Gine, Faransa ta ƙyale ta ta tafi, ko da yake ta rama daga baya. Nijar kuwa ba ta yarda ba. Dalili a fili yake. Yaƙin Aljeriya na ci tun 1954, kuma Nijar na da doguwar iyaka da ita. An ga alamun yuraniyom a yankin Azelik a 1957. Faransa na shirin gwada bam ɗinta na nukiliya a Sahara, wanda ta tayar a Reggane a 1960. Ga kuma Najeriya a kudu tana daf da samun ƴanci, Paris na tsoron Nijar ta karkata can.

A watan Agusta aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani. Aikinsa ɗaya ne: "i" ta ci. Kumandodi suka bazu, aka kira sarakuna aka tuna musu waɗanda aka tuɓe, aka nuna ƙarfin soja a ƙauyuka, aka takura ma masu kamfe na Sawaba. Ƴan BNA, su Djermakoye, suka janye suka koma wajen Diori. Ƙarfin aro ya koma wurin mai shi.

Sakamako: "i" ta samu kusan kashi 78 cikin 100, "a'a" kusan 22. Amma ga abin da ba a cika faɗa ba: cikin waɗanda aka rubuta sunansu, kashi 37 ne kawai suka fito. Mafi yawan ƴan Nijar ba su je ko rumfar zaɓe ba. Kuma duk da matsin da aka yi, sama da mutum dubu 100 suka ce "a'a".

A watan Oktoba gwamnatin Djibo ta sauka. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe ranar 14 ga Disamba. Ɓangaren Diori ya samu kujera 49, Sawaba 11, a mazaɓun Damagaram da Tasawa. Waɗannan 11 ɗin ma aka soke su, aka ce an yi maguɗi. Ranar 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriya da Diori a kai, ranar da muke biki har yau. Ranar 12 ga Oktoba 1959 aka haramta Sawaba kwata-kwata. Saboda haka, ranar 3 ga Agusta 1960 da aka ɗaga tutar ƴanci, jam'iyyar da ta fara neman wannan ƴanci haramtacciya ce, shugabanninta wasu na kurkuku, wasu na gudun hijira. Daga nan har 1974 jam'iyya ɗaya ce a ƙasa.

Hijira da bindiga

Djibo ya zauna Bamako, daga baya ya koma Accra wajen Kwame Nkrumah. Ƴan Sawaba da yawa suka tsallaka Kano, inda ƴan NEPU suka ba su masauki. A hijira jam'iyyar ta ƙara karkata ga aƙidar Markisanci. Ta tura matasa karatu Tarayyar Sobiyet da ƙasashen gabashin Turai, ƴaƴan talakawa da ba su taɓa mafarkin jami'a ba. Wasu kuma aka tura su koyon yaƙin sunƙuru a Sin, Aljeriya, Biyetnam ta Arewa da Ghana. Cikin manyanta akwai Ousmane Dan Galadima na Madawa, akwai Abdoulaye Mamani, wanda daga baya ya rubuta littafin Sarraounia da ya fito a 1980.

A ƙarshen damanar 1964 ƙananan rukunoni ɗauke da makamai suka shigo ta iyakokin Najeriya, Dahomey da Haute-Volta. Tunaninsu shi ne da zarar an gan su talakawa za su tashi. Ba haka ta faru ba. Shekara biyar jam'iyya na ɓoye, an kama wakilanta na gari-gari, tsoro ya shiga zukata. Gwamnati kuma ta samu labari tun kafin su iso, da taimakon jami'an leƙen asirin Faransa. Aka tayar da ƴan bangar RDA da mutanen ƙauyuka suka shiga farautarsu. Cikin ƴan makonni aka gama da su. An harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, an kashe wasu a daji, ɗaruruwa suka shiga kurkuku, wasu ba su fito da rai ba. Har waɗanda ba su san hawa ba su san sauka ba abin ya shafa, don kawai wani ya ce ai gidan wane ƴan raƙumi ne.

A watan Afrilu 1965, ranar Sallar Layya, wani ɗan Sawaba mai suna Amadou Diop ya jefa gurneti wajen Shugaba Diori a filin idi na Yamai. Diori ya tsira, amma wani ƙaramin yaro ya rasu. Wannan ma tarihin Sawaba ne, kuma dole a faɗe shi. Jinin yaron nan ba shi da wani uzuri, kuma ya ƙara ba gwamnati hujjar murƙushe kowa.

Bayan haka ƙofofi suka rufe ɗaya bayan ɗaya. An kifar da Ben Bella a Aljeriya a watan Yuni 1965, an kifar da Nkrumah a watan Fabrairu 1966. Djibo ya koma Konakiri.

Dawowar da ta zo a makare

Ranar 15 ga Afrilu 1974, bayan shekarun fari da yunwa, Seyni Kountché ya hamɓarar da Diori. Aka saki fursunonin siyasa, Djibo ya dawo gida. Amma a 1975 aka sake kama shi bisa zargin shirya juyin mulki, ya ƙara yin shekaru a tsare.

Sai da guguwar dimokuraɗiyya ta taso, aka yi babban taron ƙasa na 1991, sannan Sawaba ta sake fitowa fili. Ta fito a rabe gida biyu, UDFP-Sawaba ta Djibo da UDFR-Sawaba. Shekara talatin da ɗoriya sun wuce. Mafi yawan masu jefa ƙuri'a ba a haife su ba lokacin raba-gardama, kuma ba a koya musu wannan tarihi a lakwal ba. Matasa ƴan boko masu ra'ayin gurguzu sun kafa tasu, PNDS-Tarayya. Ƙuri'ar Damagaram da Maraɗi ta tafi ga CDS-Rahama ta Mahamane Ousmane. Sawaba ta zama jam'iyyar dattawa masu tuna baya, da kujerunta biyu. Djibo Bakary ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998.

Wanda ke son zurfafawa, wani masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Klaas van Walraven, ya yi shekaru yana zagaya Nijar yana hira da tsofaffin ƴan Sawaba, ya fitar da babban littafi a kansu a 2013.

Abin da muka gani a ciki

Mu dai a ganinmu, abu uku suka mayar da raƙumi ƙarami. Na farko, ƙarfin Faransa da na gwamnatin da ta ɗora, wannan ba gardama. Na biyu, Sawaba ta hau mulki kafin ta yi saiwa a ƙauye, ta dogara ga waɗanda take shirin rage ma ƙarfi. Na uku, da aka rufe mata ƙofar siyasa ta ɗauki bindiga, ta zaci soyayyar da aka nuna mata a 1957 tana nan yadda ta bar ta. Talaka na son sauƙi, amma ba ya bin wanda ya daɗe bai gani ba zuwa bakin wuta.

Mu kuma yi ma ɗaya ɓangaren adalci. Ƴan RDA na cewa Nijar ta 1958 ba ta da teku, ba ta da ƴan boko sai kaɗan, ba ta da kuɗin biyan ma'aikata, in ta ce "a'a" za ta sha abin da Gine ta sha ko fiye. Magana ce mai nauyi, kuma a Gine ɗin mulkin Sékou Touré ya ƙare da kurkukun Camp Boiro. Ana iya muhawara a kan wannan har gobe. Abin da ba ya karɓar muhawara shi ne soke kujerun da jama'a suka zaɓa da haramta jam'iyyar adawa. Tun ranar da aka yi haka aka koya ma ƴan siyasarmu cewa wanda ya faɗi zaɓe ba shi da wuri sai kurkuku ko hijira, kuma mun daɗe muna biyan bashin wannan darasi.

Yanzu sunan Djibo ya dawo. A watan Oktoba 2024 hukumomi suka cire sunan de Gaulle daga wani babban titin Yamai suka sa nasa. Ya cancanta, kuma an daɗe ana jira. Sai dai muna lura cewa "a'a" ɗaya ake ta tunawa, wadda aka ce ma Faransa. Ta biyun fa? Wadda aka ce ma mai karɓar abin da doka ba ta ce ba a bakin hanya, da mai danne gonar marayu don yana da tsaya-ma, da mai saye amfanin gona da arha lokacin kaka ya sayar ma manomin da tsada lokacin bazara? Mai albasa a Galmi, mai wake a Tasawa, ɗan kabu-kabu a Maraɗi, su ne jikokin mutanen da suka cika tarukan Sawaba, kuma abin da kakanninsu suka nema bai gama zuwa ba.

A yau da aka rushe dukkan jam'iyyun siyasa tun watan Maris 2025, ana kuma maganar sake gina ƙasa, tarihin nan na da abin da zai faɗa ma kowa. Ga masu mulki: mai cewa "a'a" ba lallai maƙiyin ƙasa ba ne, ga shi wanda aka kira maƙiyi jiya yau sunansa ke bisa titi. Ga matasa masu zafin kishin ƙasa: kirari a dandali ba ya maye gurbin zama da manomi a ji kukansa.

Muna da roƙo guda. A gidaje da yawa na Damagaram, Tasawa, Maraɗi, Madawa da Ƙonni akwai tsoho ko tsohuwa da suka ga wannan zamani da idonsu, wasu ƴan raƙumi, wasu ƴan giwa. Suna ta ƙarewa. Ku zauna da su, ku tambaye su, ku ɗauki muryarsu a waya in sun yarda. Kowane ɓangare a saurare shi, ba don a tada tsohuwar gaba ba, don ƴaƴanmu su san yadda aka yi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, na kowane ɓangare. Allah ya ba Nijar zaman lafiya da damana mai albarka, ya kawo ma talaka sawaba. Sai mun ji daga gare ku.